Yadda za ka soki Najeriya kuma kishinta bai bar zuciyarka ba

Yanzu da zarar ka buɗe baki ka ce kaza ya lalace a ƙasar nan, kafin ka rufe an jefo maka maganar nan, wai ba ka da kishin ƙasa. Ka ce buhun shinkafa ya gagari ma'aikaci a ce kana ɓata wa Najeriya suna, ka ce an tare hanyar Funtuwa zuwa Gusau an kwashe mutane a ce 'yan adawa ne suka saka maka data. Can gefe kuma ga wasu da ko wuta aka ɗauke sai sun tsine wa ƙasar gaba ɗaya, Allah wadaran Najeriya, ƙasar nan ta gama yawo, gara a raba kowa ya kama gabansa. Ni duka biyun suna damuna wallahi, na farko yana toshe bakin mai gaskiya, na biyu kuma ko yana da gaskiya ya zubar da ita tun kafin ta isa kunnen wanda ya kamata ya ji. To ga yadda nake ganin mutum zai yi suka mai zafi, wadda za ta yi aiki, kuma babu mai iya cewa ba ya son ƙasarsa sai dai in son zuciya.

Fara da raba abu biyu a kanka, ƙasa daban gwamnati daban. Najeriya ita ce mutanen nan sama da miliyan 200 da gonakinsu da kasuwanninsu da maƙabartun da iyayenmu ke kwance, gwamnati kuwa wasu mutane ne da aka damƙa wa amana ta shekara 4, in an sake zaɓensu 8. Masu mulki suna jin daɗin a cakuɗa biyun, saboda in aka cakuɗa duk wanda ya taɓa su sai a ce ƙasa ya taɓa. Kundin tsarin mulki na 1999 bai cakuɗa ba. Sashe na 14 ya ce iko na jama'a ne, kuma tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin da ya sa ake da gwamnati. Sashe na 39 ya ba ka 'yancin faɗin ra'ayinka. Sashe na 24 kuma ya ɗora maka naka nauyin, ka girmama tuta da taken ƙasa, ka kare mutuncin Najeriya, ka biya haraji. Ka haddace lambobin nan uku, ranar da wani ya ce ka yi shiru don kishin ƙasa sai ka karanto masa na 14 da na 39, ranar da ranka ya ɓaci har kana neman tsine wa ƙasar sai ka tuna na 24.

Kuma kar wani ya ruɗe ka cewa sukar shugabanni baƙon abu ne da Turawa ko 'yan boko suka kawo mana. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da hannunsa ya yi jihadin, amma da ya ga wasu cikin jama'ar sun fara karkata ga tara dukiya da neman sarauta bai yi shiru don abin nasu ne ba, ya faɗa ya kuma rubuta, har ya bar su ya kama hanyar gabas sai da mutanen Kano suka tsayar da shi. A 1950 Abubakar Tafawa Balewa ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya caccaki tsarin En'e ya nemi a yi masa garambawul, lokacin da kotu da 'yan doka da gidan yari duk a hannun sarakuna suke, kuma mutumin nan shi ne Firayim Minista ranar da aka karɓi 'yanci a 1960. A 1950 ɗin dai aka kafa jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano a Kano, 'ya'yanta suka sha ɗauri da bulala, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga gidan yari ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ana ce musu marasa kunya masu raina na gaba. Yau filin jirgin saman Kano sunan Malam Aminu Kano yake ɗauke da shi, a Zariya kuma akwai babban asibiti da sunan Gambo Sawaba.

Abu na gaba, kuma nan ne yawancinmu muke faɗuwa, ka nemo mai alhakin matsalar kafin ka yi magana. "Najeriya" ba ta da ofis ba ta da lambar waya, in ka zage ta babu wanda zai ji kunya, kowa zai ce ai ba da ni ake ba. Firamaren da iska ta yaye wa rufi aikin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharku ne, wato SUBEB, da sashen ilimi na ƙaramar hukuma, kuma ka sani akwai kuɗin da UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, ke ware wa kowace jiha amma sai jihar ta zuba nata kason kafin ta karɓa, jihohi da yawa sukan bar kuɗin a Abuja shekara da shekaru saboda sun ƙi zuba nasu. Asibitin sha-ka-tafi na ƙauye, hukumar lafiya matakin farko ta jiha da ƙaramar hukuma. Sojoji da 'yan sanda, darajar naira, cire tallafin fetur, wannan kam Abuja ne kai tsaye. Hanya kuma ka tambaya tukuna ta tarayya ce ko ta jiha. Ƙananan hukumomi 774 gare mu, duk wata ana raba kuɗi daga asusun tarayya kuma ana buga abin da kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ta samu, a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To kai ka san nawa aka ware wa taku a watan jiya? Ka san sunan kansilanku da ɗan majalisar jiharku? Da yawa suna iya lissafo ministoci goma amma ba su san wanda ke wakiltar mazaɓarsu a majalisar jiha ba, alhali shi ne yake ɗaga hannu a amince da kasafin da gwamna zai kashe.

In ka gano mai alhakin sai hujja. Ka je wurin da ƙafarka. In aikin kwangila ne yawanci akwai allo a bakin wurin, ko ya yi tsatsa ko ciyawa ta rufe rabinsa ka share ka ɗauki hotonsa, a jiki za ka ga sunan aikin da hukumar da ta bayar da kamfanin da aka ba, wani lokacin har da ɗan majalisar da ya kawo. Ka ɗauki ginin ta gaba da ta baya, ka leƙa ciki ka ɗauki bulon da aka jera ya tsaya iya taga, ka rubuta ranar da ka je, ka tambayi mai unguwa ko maigadin wurin yaushe rabon da a ga ma'aikata. Sannan ka duba bambancin rubutu biyun nan. Wani zai rubuta, ƙasar nan ba za ta taɓa gyaruwa ba duk ɓarayi ne. Wani kuma zai rubuta, firamaren unguwarmu aji uku babu rufi tun daminar bara, yara a gindin bishiya suke ɗaukar darasi, ga hoton da na ɗauka yau Talata, mai girma ciyaman da shugaban SUBEB muna tambaya, an sa gyaran a kasafin bana ko ba a sa ba, in an sa wa aka ba aikin kuma yaushe za a fara? Na farko zai samu masu danna masa alamar so su wuce. Na biyu shi ne wanda ɗan jarida zai iya ɗauka ya kai gidan rediyo, shi ne wanda zai sa a kira wani a waya da daddare.

Akwai dokar da mutane ba sa amfani da ita kuma abin yana ba ni takaici, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Kana iya rubuta wa hukumar gwamnati takarda ka nemi kwafin takardun kwangila ko bayanin yadda aka kashe kuɗi kaza, ba sai ka faɗi dalilinka ba, kuma doka ta ba su kwana 7 su amsa, in sun ƙi kana da damar zuwa kotu. Ka rubuta gajere, ka faɗi ainihin takardar da kake nema, ka yi kwafi biyu ka kai ofishin a buga maka hatimin karɓa a jikin naka kwafin. Sau da yawa za su share ka, amma takardar nan mai hatimi da kwanan wata ita ma ta zama hujja. In kasafin kuɗi ya yi maka wuyar karantawa, akwai wata ƙungiya mai zaman kanta, BudgIT, suna sauƙaƙa shi, kuma suna da shirin Tracka mai bibiyar ayyukan mazaɓu.

Wanda ke cewa duk wannan ɓata lokaci ne ya tuna Bagega. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta ɓulla a ƙauyukan Zamfara, yara sama da 400 suka mutu. Aka share wasu ƙauyukan, Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka aka bar ta tana jiran kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuma suka ce ba za su iya fara yi wa yaran magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, in ba haka ba yaro zai koma gida ya sake shaƙar gubar. Su Hamzat Lawal da abokansa na Follow The Money, masu bin diddigin kuɗin gwamnati, suka ɗauki maganar, da sunan ƙauyen da adadin yaran da kuɗin da aka yi alkawari, suka yi ta bugawa a kafafen sada zumunta suna kiran sunan shugaban ƙasa da sanatoci, a farkon 2013 aka saki kuɗin aka fara aikin. Babu wanda ya tsine wa Najeriya a cikinsu, kuma babu wanda ya yi shiru don kar a ji kunya a idon duniya.

Sai harshe. Ka soki aikin mutum, ka bar uwarsa da matarsa da halittarsa. Zagi yana ba wanda ka zaga mafita, maimakon a yi maganar rufin makaranta sai a koma maganar rashin tarbiyyarka, shikenan ya sha. Kuma kar ka jingina laifin mutum ɗaya ga ƙabilarsa ko addininsa, minista in ya ci kuɗi shi ya ci, ba Yarabawa ko Ibo ko Fulani ba ne suka ci, mu da muke jin zafi in an kira duk ɗan Arewa ɗan ta'adda mu ya kamata mu fi kowa kiyaye wannan. Malamanmu suna kawo hadisin yi wa shugaba nasiha a keɓe, akwai kuma hadisin faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba, ni abin da na ɗauka shi ne in kana da hanyar isa gare shi fara da ita, rubuta takarda, bi ta hannun dattawa, je ofis. In an rufe ƙofa, kuma abin na jama'a ne ba sirrin gidansa ba, to faɗa a fili cikin ladabi ba laifi ba ne, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Ka kuma kula da kanka don ƙasar nan ba ta gama koyon jure suka ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an yi ta kama 'yan jarida da matasa da shi, kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, an yi masa gyara a 2024 amma kamun bai tsaya ba. A 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 da tara saboda bidiyon da suka yi a kan gwamna. Dadiyata, mai sukar gwamnati a kafafen sada zumunta, tun Agustan 2019 da aka ɗauke shi a gidansa a Kaduna har yau iyalinsa suna jira. Ban kawo waɗannan don ka ji tsoro ka yi shiru ba, na kawo ne don ka yi maganar da za ka iya maimaitawa a gaban alƙali. Kar ka ce wane ya saci biliyan kaza in ba ka da takarda, ka ce an ware kaza ba mu ga aiki ba ina kuɗin. Kar ka tura hoton da ba ka san asalinsa ba, sau nawa ake yaɗa hoton wata ƙasa ko na shekarun baya a ce jiya ne a Zamfara, ƙarya ɗaya in aka kama ka da ita ta isa a yi watsi da gaskiyarka goma. Ka ajiye hujjojinka a wuri biyu, ka samu lambar lauya, kuma in da hali ku yi magana a ƙungiya, mutum ɗaya ya fi sauƙin ɗauka.

Yanzu ga wanda ya fi wuya, kuma a nan ake gane mai kishin ƙasa da mai kishin ɗan takararsa. Ma'auninka ya zama ɗaya ko wa ke kan kujera. A Janairun 2012 Jonathan ya cire tallafi fetur ya tashi daga naira 65 zuwa 141, Kano da Kaduna da Legas suka tsaya cak har sai da aka dawo da shi 97. A 2016 Buhari ya kai shi 145, da yawa daga cikin waɗanda suka kwana a titi a 2012 suka ce a yi haƙuri gyara ake yi. A 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafi ya tafi, litar da ba ta kai 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, sai kuma aka sake musayar wuri, masu haƙurin jiya suka zama masu ihu, wasu masu ihun jiya suka zama masu ba da haƙuri. Haka maganar tsaro, da aka sace 'yan matan Chibok 276 a 2014 Arewa ta yi magana da murya ɗaya, amma da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a 2020, da 'yan matan Jangebe a 2021, wasu sai da suka tsaya duba ko maganar za ta taɓa namu. Jinin talakan Zamfara da Katsina da Sakkwato bai canza launi don wanda ke mulki ɗan gida ne ba, kuma shirun nan ya yi mana tsada sosai. Kana iya goyon bayan cire tallafi ko ka ƙi, duka ra'ayi ne, amma kafin ka rubuta komai tambayi kanka, da ɗan jam'iyyata ne ko ɗan garinmu ya yi wannan zan faɗi haka? In amsar a'a ce to ajiye wayar tukuna.

In abin ya kai ga fita titi, ka fita da tutar ƙasarka. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 yunwar gaskiya ce ta fito da mutane, amma da aka fara ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna wasu na kiran soja su karɓi mulki, sai aka miƙa wa gwamnati abin da take nema, aka bar maganar farashin masara aka koma maganar cin amanar ƙasa, har teloli aka kama. Aka fasa cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, a Kano aka kwashe kaya, wurin da yaranmu ne za su koyi sana'a a ciki. Wanda ya rayu a zamanin Abacha ya san a mulkin soja ko wannan ƙorafin ba ka isa ka yi ba. Amma kuma duba abin da ya biyo baya, da aka gurfanar da yara ƙanana a kotun tarayya a Abuja a Nuwamban 2024 wasunsu suna faɗuwa don yunwa, 'yan Najeriya Kudu da Arewa suka yi ca, cikin 'yan kwanaki aka ba da umarnin sakinsu. Surutun jama'a ne ya fito da yaran nan.

Sojoji ma haka. Da jirgi maras matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri a Disambar 2023 mutane sama da 80 suka rasu, wajibi ne a tambayi wa ya ba da umarni, wa aka hukunta, ina diyya. Wannan tambayar ba ta hana ka yi wa ƙaramin sojan da ke kwana a daji a Borno addu'a, shi ma ɗan talaka ne, kuma in ka tambayi ina kuɗin makamai da alawus ɗinsa suka shiga ai shi kake karewa.

A gaban baƙi kuma, ko kana Saudiyya ko Ingila ko kana musu da ɗan Ghana a intanet, kar ka yi ƙarya don kare ƙasa kuma kar ka zama mai tallan aibinta don a tafa maka. In sun faɗi gaskiya ka ce haka ne kuma muna faɗa a gida, in sun yi ƙari ka gyara musu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kana da abin faɗa na alheri ba tare da ka ƙirƙira ba. A 2014 Ebola ta shigo Legas, Dakta Stella Adadevoh ta hana majinyacin da ya shigo da cutar fita daga asibiti ta rasa ranta a dalilin haka, cikin wata uku aka ayyana ƙasar ta kuɓuta. A 2020 aka tabbatar an kawar da ƙwayar shan inna ta daji, aikin da mata masu bi gida-gida da sarakunan gargajiya suka ɗauka a kansu. Sojojinmu sun zubar da jini a Laberiya da Saliyo. Kuma a 2023 da ECOWAS ta yi barazanar kai yaƙi Nijar bayan juyin mulki, sanatocin Arewa da malamai da 'yan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari suka fito suka ce wa gwamnatinsu ba mu yarda ba, majalisar dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi, ba a yi yaƙin ba. In gwamnati ta yi daidai ka faɗa ko ba ka zaɓe ta ba, hakan ne zai sa ranar da ka ce ta yi kuskure a saurare ka.

Sannan kar maganar ta tsaya a waya. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Ka karɓi katinka, ka tsaya a rumfa har a ƙirga a liƙa sakamako ka ɗauki hotonsa. In majalisar jiharku ta kira jin ra'ayin jama'a kan kasafi ko wata doka ku haɗu ku biyar ku je da takarda ɗaya mai buƙatu biyu ko uku, kar ku cika ta da ashirin. Tun 2018 ɗan shekara 25 yana iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai. Kiranye ma yana cikin kundin tsarin mulki, sai dai yana buƙatar sa hannun sama da rabin masu rajista a mazaɓar, shi ya sa yake da wuya, don haka ƙarfinku ku zuba shi tun a zaɓen fid da gwani da na kansila da ciyaman. Bayan wata uku kuma ku koma wurin makarantar nan ku sake ɗaukar hoto, in an yi rufin ku buga ku yi godiya da sunan wanda ya yi, in ba a yi ba ku haɗa hoton farko da na biyu da takardar nan mai hatimi ku kai gidan rediyo.